Jan Fenti a Takalmin Mu'tasim

Ku gyara zama, 'yan'uwa, yau ba hirar lefe zan yi muku ba. Masu cika min waya da "Basma, ina labarin angonmu?", to ga labarin, amma kada wadda ta zage ni in ta kai ƙarshe. Sababbin shigowa kuma, ni ce Basma, 'yar Alhaji Hamajoɗa mai shagon tayoyi a Jimeta. Muna zaune a Demsawo, a wani layi da ake kira Layin Mangwaro, duk da cewa mangwaron ya daɗe da bushewa. Mai nemana sunansa Mu'tasim, ɗan Yola Gari, yana aiki a ofishin tsara gari. An kawo gaisuwa, an karɓa, saura sa rana. Dogo ne, ba ya son hayaniya, kuma yana da wata ɗabi'a ta son takalmi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Layinmu ya lalace tun da tifofin yashi suka gano cewa ta nan ya fi musu kusa daga bakin kogi. Tun safe suke wucewa suna zuba mana baƙin hayaƙi. In Dada, wato mahaifiyata, ta shanya farin mayafi, kafin azahar ya koma ruwan toka. In damina ta zo kuma ruwa ya rasa hanya, ya shigo mana har tsakar gida. Mutanen layi sun yi ta zarya wurin kansila, yau ya ce gobe, gobe ya ce yana taro. Daga baya aka ce an ji kukanmu: za a gyara titin, a kuma haƙa babbar magudanar ruwa da za ta karya daga titi, ta ratsa ta cikin gida ɗaya, ta faɗa kwarin da ke bayanmu.

Gida ɗaya. Ko namu, ko na Mama Rhoda, don mu biyu ne a gangaren.

Sai na gaya muku wace ce Mama Rhoda, in ba haka ba ba za ku gane abin da ke cina ba. Shekarar da 'yan bindiga suka kama garinmu Mubi ina firamare. A bayan babbar mota muka iso Jimeta, ni da Dada da Baba, da buhu ɗaya na kaya. Ba mu san kowa a Demsawo ba. Wannan mata, malamar makaranta 'yar Numan, mijinta ya rasu, ita ta gan mu zaune a gindin mangwaron nan ta buɗe mana ƙofa. Ta kwashe littattafanta daga ɗaki ta ba mu. Ita ce mai ƙwanƙwasa wa Baba taga ta ce, "Alhaji, an kira salla fa." Ni da 'yarta Kezia katifa ɗaya muka kwana har na gama firamare. Da Baba ya samu ya tsaya da ƙafarsa, sai ta yanka masa rabin filinta ya gina. Katangar da ke tsakaninmu ɗaya ce, har yau ta kanta muke miƙa wa juna gishiri.

Kafin azumi masu awo suka zo da na'urarsu mai ƙafa uku. Suka leƙa nan, suka leƙa can, sannan suka kafa wani guntun ƙarfe a ƙasa suka zuba masa siminti. A ina? A gindin katangarmu, dab da ƙofar zaure. Da idona na gani, ina dawowa daga islamiyya. Ma'anarsa kowa ya sani: zaure da ɗakin Dada sun tafi. Ranar Dada ko tuwo ba ta tuƙa ba.

Bayan salla Mu'tasim ya zo gaida Baba, suka daɗe a zaure fiye da yadda suka saba. Ba a jima ba Baba ya tura ni da Dada Yola Gari mu duba Goggo, wai ba ta jin daɗi. Muka tarar da ita tana cin gyaɗa tana kallon talabijin, lafiyarta ƙalau. Da muka dawo da yamma sai ga sabon dakali a ƙofar gidanmu, dogo, mai faɗi, siminti bai ma bushe ba. Daidai inda ƙarfen yake.

"Saboda baƙin biki," in ji Baba. "A ƙasa za su zauna?"

Aka yi wa katanga shafe, aka buga mata fenti ruwan madara. A lokacin duk layin babu mai ko toshe ramin ɓera, kowa na jiran ya ga inda rusau zai faɗa. Baba kaɗai ke kashe kuɗi a kan bangon da aka ce za a rushe. Na ji wani abu a raina, amma na ce Basma, kama bakinki, bikinki ake wa shiri.

Sai wata Talata muka tashi muka ga jan fenti. Ƙaton gicciye, da kibiya, a bangon Mama Rhoda. Namu kuwa fes, ruwan madara, ko ɗigo babu.

Na ɗauki waya na rubuta wa Mu'tasim.

"Ka ga abin da ofishinku ya yi? Gidan Mama aka shafa."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon alamar.

"Subhanallah. Ban sani ba, gimbiya. Ina Gombe wurin taron bita tun jiya."

"Amma ƙarfen a ƙofarmu aka kafa."

"Awo yakan canza. Ni aikin tebur nake, kin sani. Ban taɓa riƙe burushi ba. Kin ci abinci?"

Duk lokacin da namiji ya tambaye ki ko kin ci abinci a tsakiyar magana irin wannan, ki sake karanta abin da ya rubuto a sama. Na karanta ya fi sau nawa. Ban ga ƙarya ba, ban kuma ga gaskiya ba.

Bayan azahar na zura hijabi na zagaya gidan Mama. Na same ta a kujerar roba a baranda, zane ɗaure a ƙirji, abin shaƙar maganinta a cinya. Tun da tifofin nan suka fara, tarinta bai sauka ba. Kezia na tsugune tana jera kwanuka a kwali, da kayan aikinta na asibiti a jikinta, ko canzawa ba ta yi ba.

"Amarya ta zo duba filin magudana," in ji Kezia, ba ta ɗago ba.

"Haba Kezia."

"Me na ce? Ki zauna, kujera ɗaya ta rage ban naɗe ba."

"Rabu da ita, 'yata," Mama ta ce, ta yi tari. "Tun safe take neman wanda za ta ci. Mun je ofishin. Na ƙasa ya ce mu hau sama, na sama ya ce oga ya fita, sakatariyar oga ta ce ba su ne suka zana ba, 'yan kwangila ne. Muka je wurin kansila, ya ce ranar Asabar za a yi taro a firamare, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Amma mu fara haɗa kaya, don motar rusau ba ta jiran taro."

"Abeg, Mama, bar zancen taro," Kezia ta ce. Ta miƙe ta dube ni. "Basma, ni da ke muka tsallake ƙarfen nan ranar da muka je kitso. Har kika yi tuntuɓe da shi. Ko na yi mafarki ne?"

Na shiga murza bakin hijabi.

"Ki tambayi ogan naki yadda ƙarfe yake tashi da ƙafarsa ya tsallake katanga. Mu ba mu da suruki a ofis, shi ya sa nake tambaya."

"Ya ce yana Gombe."

"To Allah ya dawo da shi lafiya."

Mama ta kama hannuna. Tafinta da zafi. "Kada ki sa kanki a ciki. Ki yi aurenki. Ni dai abin da ke damuna, inda ƙanena zai kai ni a Sangere, hawa biyu ne, ƙirjina ba zai iya ba." Ta yi murmushi. "Kin tuna kina tsoron kwana a ɗakin can saboda ƙadangare?"

Na tuna. Ɗakin ne kibiyar ta nuna.

A gida na tarar da Dada ta baje atamfofin fitar biki a gado, tana gwada wani leshi ruwan zuma a jikin madubi. Na rufe ƙofa.

"Dada, me Baba da Mu'tasim suka tattauna ranar nan a zaure?"

"Maganar maza."

"Ƙarfen nan yana ƙarƙashin dakali, ko?"

Ta ajiye leshin a hankali. "Basma, kin taɓa ganin an kori mutum daga gidansa? Ni na gani. Na bar tukunya a kan wuta a Mubi, har yau ban san wanda ya sauke ta ba. Ba zan sake ɗaura kaya a kai ba. Kin ji ni?"

"Amma Mama ce fa."

"Na san wace ce. Na fi ki sani." Idonta ya kawo ruwa, ta juya ta ci gaba da ninke atamfa. "Asabar baffanninsa za su zo sa rana. Ki kama bakinki har a shafa fatiha. Yau ma yana zuwa bayan la'asar. Ki sa shuɗiyar doguwar rigar nan, ki daina yawo da fuska kamar an yi miki mutuwa."

Na sa rigar. Na ɗaura ɗankwali, na yafa mayafi, na shafa humra kaɗan. Kuna iya cewa na cika rashin zuciya, amma ina son mutumin nan, kuma har lokacin ina roƙon Allah ya sa da gaske Gomben ya je.

A gidanmu akwai wata doka ta Dada da ba a karyawa. In baƙo mai daraja ya cire takalmi a ƙofar zaure ya shiga, 'yar gida ce za ta je ta juya masa su, bakinsu ya kalli waje, don in ya fito ya zura kawai. Ta ce haka aka yi mata tarbiyya, kuma da haka ake gane gidan mutunci. Tun Mu'tasim ya fara zuwa ni nake juya nasa. Na san su duka. Ranar baƙaƙen nan ya sa, masu rufi, na fata, waɗanda yake ji da su, ko masallaci da su yake zuwa.

Ina jin muryarsa a ciki yana amsa gaisuwa da Fillanci, "Jam, Baba, jam," na durƙusa na ɗauki na dama. Ya sha mai, yana ƙyalli. Na ɗauki na hagu. Sai na ga wani abu a cikin ɗinkin da ya haɗa fata da tafin. Ja. An goge saman, an bi da baƙin mai, amma zaren ya riga ya sha. Na kai farce na kankara, ya fito a farcena. Na juya tafin, ga wani ɗigo a lungun dunduniya inda burushi ba ya kaiwa.

Na ɗaga kai na dubi bangon Mama. Na dubi farcena. Kala ɗaya.

Na mayar da su yadda ya bar su, bakinsu na kallon ciki. Ban juya ba.

Da ya fito ya tsaya yana kallon takalman, sannan ya dube ni. Ya juya su da kansa ya sa. Shadda ce fara a jikinsa, da hula zanna, ƙamshinsa ya cika ƙofar. Muka zauna a sabon dakalin, ni a wannan baki, shi a wancan, kofin kunun gyaɗa a tsakaninmu. Wata tifa ta wuce ta bar mu cikin hayaƙi, ya sa hankici a hanci.

"Gimbiya yau babu ko sannu da zuwa?"

"Sannu da zuwa. Ya Gombe?"

"Lafiya. Gajiya dai."

"A Gomben ma jan fenti suke shafawa a ɗakin taro?"

Na miƙa masa ɗan yatsana. Ya kalli farcen, ya kalli ƙafarsa. Wallahi da ya yi musu da na fi jin sauƙi, da na samu abin yin faɗa da shi. Sai kawai ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

"Na goge shi sosai," ya ce a hankali.

"Ka bar ɗinkin."

Ya sunkuyar da kai. "Baba ne ya ce min, ɗana, in aka rushe zauren nan a ina za ka zo ɗaukar amarya? Me zan ce masa, Basma? Ina neman 'yarsa. Na kai wa ogana maganar, ashe kansila ya riga ya kira ogan, don Baba ne shugaban masu tayoyi kuma zaɓe na tafe. Aka ce a matsar da layin. Ogana ya ce kada a tura yaran da suka saba shafawa, sun san inda ƙarfen yake, za su yi surutu. Wanda ya kawo maganar shi zai shafa. Daga masallaci na biyo da asuba. Ban iya ba, gwangwanin ya zube min."

"In aka bi ta gidan Mama ruwan zai tafi?"

Ya girgiza kai. "Gidanta ya fi naku tudu. Zai dawo titi."

"Wato za a rushe mata gida, kuma ruwan bai tafi ba."

"Don ke na yi."

"Kada ka sa sunana a ciki. Ni ban aike ka ba." Na goge farcena a bakin dakalin. "Asabar akwai taro a firamare. Ka tashi ka faɗi inda ƙarfen yake."

"Kin san me kike cewa? Aikina zai tafi. Ɗakin Dada zai tafi. Baba kuma ba zai ba ni ke ba, ko da na zo da duk Yola Gari a bayana."

"Na sani."

"To me kike so in zaɓa?"

"Ni dai na san a ɗakin da ka sa wa kibiya na koyi karatu. In an ɗaura, duk ranar da ka cire takalmi a ƙofar ɗakina sai na duba ɗinkin. Ka ga za mu iya zama haka?"

Ya mayar da hularsa. Bai taɓa kunun ba. Ya shiga motarsa ya tafi, ko waiwaye babu.

Daga ranar shiru. Ina ganinsa a kan waya, ba ya magana. Na rubuta "Salam" na goge. Na shiga zargin kowa. In Baba ya yi waya a zaure sai in ce da kansila yake. In Dada ta dube ni sai in ce ta san ban juya takalman ba, kuma ta sani ɗin, don ta ce min, "Wata tarbiyyar sai a gidan miji za a gane babu ita." Kezia ta daina amsa sallamata ta kan katanga. Ina jin ƙarar jan akwati daga can, da tarin Mama. Shi kansa Mu'tasim na ce wataƙila yana can ya sayi sabon takalmi, ya wuce wurin.

Asabar da hantsi gidanmu ya cika da ƙamshin mai. Dada na suyar cincin, an shimfiɗa sabuwar darduma a zaure saboda baffanninsa da za su zo bayan azahar. Ina zaune da lalle a ƙafa, waya ta yi ƙara.

"Leƙo waje."

Na wanke ƙafa ɗaya, ɗayar ko ta kanta ban bi ba, na ja mayafi na fita ta zaure.

Layinmu cike da mutane. Taron firamare ne gaba ɗaya ya taso ya biyo shi: masu Keke sun jera a gefe, matan layi, limamin masallacinmu, faston su Mama, da kansila a tsakiya yana share gumi da babbar riga, fuskarsa kamar an tilasta masa shan magani. An kawo wa Mama kujerarta ta roba. Kezia ta ɗaga waya tana ɗauka. Mu'tasim na tsaye a gaban dakali da rigar aiki, ƙatuwar guduma a hannunsa, ƙafarsa ba takalmi. Ya cire su ya ajiye a ƙofar zaurenmu, baƙaƙen nan, bakinsu na kallon ciki, kamar mai shirin shiga gaida suruki.

Ya yi sallama har sau uku. Baba ya fito da carbi a hannu.

Mu'tasim ya durƙusa har ƙasa. "Baba, na gaya wa jama'a cewa ƙarfen awo yana ƙarƙashin dakalin nan, kuma ni na shafa fenti a inda ba nan ba ne. Kansila ya ce sai an gani da ido. Ina neman izini in fasa."

Baba bai dube shi ba. Bai dubi kansila ba, bai dubi Mama ba. Ni ya duba.

"Basma. Ke kika aiko shi?"

Na ji Dada a bayana, numfashinta a wuyana, da ƙaurin cincin da ta bari a wuta. Sai na durƙusa a gaban kowa, ƙafa ɗaya da lalle, na ɗauki takalman nan na juya su, na jera su daidai.

Dada ta saki wani ɗan sauti ta koma ciki.

Baba ya daɗe yana kallon takalman. Na jira tsawa, na jira ya ce baffanni su yi zamansu a Yola Gari. Maimakon haka sai ya matsa gefe, ya gyara tsayuwa, ya ci gaba da jan carbinsa. Har da ɗan murmushi.

"Bismillah, ɗana," ya ce. "Fasa."

Mutumin da za a tona asirinsa ba ya murmushi haka. Nan take na tuna Goggo da gyaɗarta, da yinin da aka tura mu Yola Gari, babu wanda ya ga abin da magina suka yi kafin su zuba siminti. Ni ban ga an rufe ƙarfen ba. Mu'tasim ma bai gani ba. Dakali kawai muka gani. In Baba ya sa an tumɓuke ƙarfen tun ranar fa?

Na buɗe baki in ce masa ya dakata, amma ya riga ya ɗaga gudumar.